Tagar Masu Hoto

"Mama, wa ya cinye wa mutumin nan kunne?"

A cikin lifta yaron ya yi tambayar, da ƙarfi, ana matse kamar ashana a kwali, ana hawa saman hasumiyar gari. Mutumin yana tsaye daf da su, kyamara rataye a wuya, kunnensa na hagu saura rabi.

"Yi haƙuri, Malam. Babana, rufe min baki." Uwar yaron ce ta yi saurin faɗin haka. Sunan mahaifinta yaron ya ci, shi ya sa take kiransa Babana.

"Bar shi, Hajiya," in ji mai hoton. "Wani abokin sana'ata ne yunwa ta kama. Yana sama ma, yaro. Ka kula da naka."

Ƙanin mijinta, wanda yaron ke kira Baffa, ya fi kowa dariya. Shi ya rako su, don maigidan yana wurin aiki. Ba shi da mugunta, sai dai zuciyarsa a kusa take. Ko a gida, in aka taka shi sai maƙwabta sun ji.

Saman hasumiyar falo ne zagayayye, gilashi ko'ina. Yaron ya manna hanci yana neman rufin gidansu. Gilashin duk ya dushe da shatin hannuwa, hoto ba ya fita ta cikinsa, don haka masu hoto suka samo dabara. Akwai wata taga da masu wanke gilashi ke buɗewa, tsayinta daga ƙasa ya kai ƙugun mutum, bakinta bai fi faɗin tafin hannu ba. Su biyu ke karɓa-karɓa da makullinta, masu gadi sun kau da kai. Sai a tsayar da yaro a bakin tagar, bayansa ga sarari, babba ya tsuguna ƙasa ya riƙe masa idon sawu don kada ya fito a hoto. In an wanke, sai ka ce yaro a kan gajimare yake tsaye.

Mai rabin kunnen ya nuna mata irin hotunan. Ta duba, ta miƙa masa. "Allah ya ba da kasuwa. Ba da ɗana ba."

Can jaririyar da ke bayanta ta ɓata kunzugu. Uwar ta damƙa hannun yaron a hannun Baffa. "Ga amana. Kada ka sake shi ko da ƙiftawar ido."

"Haba matar Yaya, ni ma sai an riƙe ni ne? Je ki, warin nan ya ishe mu."

Ba ta daɗe a banɗaki ba. Tana fitowa ta ji iska ta bugi fuskarta, a wurin da bai kamata a ji iska ba. Tagar a buɗe take. Ɗanta yana tsaye a bakinta, ya ware hannuwa yana washe baki, rigarsa na kaɗawa. Baffa na tsugune ya riƙe masa ƙafafu.

Ta buɗe baki za ta yi ihu, ta haɗiye. In yaron ya razana, baya zai yi.

Tana cikin takowa a hankali wani ƙato ya ratso mutane, ɗauke da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara. Shi ne ɗaya mai hoton.

"Yau ma lokacina ka ci, Guntu? Ɗayan kunnen ne ke maka ƙaiƙayi?"

"Bari in ɗauki wannan, uban 'yan haɗama."

Ƙaton bai bari ba. Ya ɗaga ƙarfen ya sauke masa a kafaɗa, sai da aka ji ƙarar ƙashi. Kyamara ta faɗi ta tarwatse. Guntu ya sunkuya ya sa masa kai a ciki, suka yi baya tare, ƙarfen ya wulwulo ya sami Baffa a ƙeya.

Baffa ya miƙe. Da hannu biyu ya miƙe, ya shaƙo wuyan ƙaton. "Ni ka daka? Ka san ni kuwa?"

Ba kowa a ƙafar yaron.

Akwai wata dattijuwa mai goge-goge tsaye da bokitinta. Uwar ta kwance zani, ta zaro jaririyar ta dangwara mata a ƙirji. "Iya, riƙe min." Ta ruga.

Maza uku ne tsakaninta da tagar, sun cure wuri guda, jama'a kuma na gudu suna ture ta baya. Ta sa kafaɗa ta kutsa. Gwiwar hannun wani ta same ta a baki, ta ji haƙori ya motsa, ta tofar da jini ba ta tsaya ba. Yaron ya daina dariya, ya waiga ya ga abin da ke bayansa. Ya yi baya. Ya zauna a kan iska.

Bel ɗin wandonsa ta samu. Nauyinsa ya fizge ta har haƙarƙarinta ya daki bakin tagar, numfashinta ya ɗauke. Rabin jikinsa na waje, kansa a ƙasa, takalminsa ɗaya ya tafi, ba ta ji faɗuwarsa ba. Ta zura ɗaya hannun ta kama cinyarsa.

"Babana, kada ka motsa. Ina riƙe da kai. Rufe idonka."

Masu faɗan ba su ma san me ake ciki ba. Suka faɗo mata a baya, su ukun. Murfin tagar ya dawo da ƙarfi ya datse mata dantse, gilashinsa ya tsage, jini ya bi hannunta ya gangara kan wandon yaron, bel ɗin ya fara santsi. Ƙaton ya dafa bakin tagar zai tashi, hannunsa daidai fuskarta, nauyinsa duk a kan murfin. Ba ta da hannun da za ta ture shi. Ta kafa masa haƙora a yatsu, ta datse har ta ji gurunguntsi. Ya ƙwala ƙara ya yi baya, yana tafiya ya kai mata naushi a kunne. Duniya ta yi mata shiru, amma murfin ya saki.

Ta tokare gwiwa da bango ta ja. Yaron ya shigo da baya, cikinsa ya kurje a ƙarfe, suka zube tare kan fasassun gilasai. Ta kife a kansa, ana tattaka mata baya, har masu gadi suka iso da kulake. Ba su tambayi mai gaskiya ba, suka hau bugu. Guntu na kwance yana riƙe da kafaɗa, ƙaton kuma sai da suka fasa masa goshi ya zauna.

Dattijuwar ta zo ta tsuguna, jaririyar na tsala kuka a kafaɗarta. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure wa uwar hannu. "Tun yaushe nake faɗa musu. Wa zai ji mai tsumma?"

Uwar ta tashi zaune. Tana laluba yaron, kai, wuya, haƙarƙari, yatsu. Ya jiƙa wando, ko kuka ya kasa.

Baffa ya matso, leɓe a fashe. "Matar Yaya, wallahi shi ya fara dukana. Kowa ya gani."

"Na gani," in ji ta. Maganar ba ta fita sosai saboda kumburin baki. "Na ga hannuwanka kuma, duka biyun."

Ya miƙa hannu zai ɗauki yaron. Yaron ya ƙanƙame wuyan uwarsa. Ita ta ɗauke shi da hannun da ya rage mata, dattijuwar ta bi ta da jaririya har bakin lifta. Likita ya yi mata ɗinki, amma yatsunta biyu ba su ƙara lanƙwashewa ba.

Ke mai karatu, in kin hau irin wurin nan da ɗanki, ki shiga da shi har banɗaki, ko da zai yi kuka, ko da dangin miji za su ce ba ki yarda da su ba. Kada ki bar ƙafarsa a hannun wanda in aka dake shi sai ya rama.