Abin da Tabawa Ta Ƙi Ganewa

Tabawa ta unguwar Ali Kazaure ba ta magana biyu. Da ta gaji da ganin 'yarta Madina na ɓarnar fenti, sai ta gindaya mata sharaɗi: ta yi zane ɗaya tak. In Tabawa ta gane abin da ke ciki, Madina ta ci gaba. In ba ta gane ba, ranar Litinin Madina ta hau keken ɗinki. Tabawa kuwa ta san ita ce da nasara, don zanen Madina ba mutum, ba gida, ko kaza babu, launi ne kawai ke hawan launi.

Da aka jingine allon zanen a tsakar gida, ta kira maƙwabciyarta Lai'atu ta zama shaida.

"Maman Madina, wannan ai miyan taushe ne ya zube," in ji Lai'atu.

"Kin ma mutunta shi," in ji Tabawa.

Amma fa tuni ta gane. Jan nan mai ratsin ruwan gwal, koren da ke zubowa daga sama, shuɗin da ya lanƙwashe a gefe, wallahi atamfofinta ne a rumfarta ta kasuwar Terminus, kafin gobara ta cinye kasuwar. Lokacin Madina na ƙarama, a ƙarƙashin tebur take kwanciya tana kallonsu daga ƙasa. Ashe yarinya ta riƙe! Tabawa, wadda ko zancen rumfar ba ta bari a yi a gidan, ta ji kewa ta kama ta. Ta dake, ta taɓe baki.

"Umma, ba ki ga komai ba?" in ji Madina.

"Me zan gani? Shirme."

Madina ta sunkuyar da kai, ta ɗauki allon za ta shige ɗaki.

"Kuma banda shirme," Tabawa ta bi ta da faɗa, "wa ya ce miki a hagu nake rataye jan? So kike rana ta koɗar min da shi? A dama yake, ta wajen shagon maƙwabcina Onyebuchi!"

Kai, baki shi ke yanka wuya! Lai'atu ta kwashe da dariya har da buga cinya. "Ni dai na ji da kunnena!"

Tabawa ta so ta gyara zance, hawaye suka riga ta. Ta share da gefen mayafi, ta miƙa hannu.

"Dawo da shi, ja'ira. Miƙo burushin in nuna miki inda farin leshi yake."