Takardar da Hashimu Ya Rubuta da Hannunsa

Shekara talatin da ɗaya Malam Hashimu ya yi yana aikin tafinta a tribinal, kotun Diffa. Alƙali ya yi Faransanci, shi ya mayar Hausa ko Barbarci; manomi ya yi Barbarci, shi ya mayar Faransanci. Abin da ya fi ba shi sha'awa a aikin shi ne gajerun maganganun Latin da alƙalai da lauyoyi kan jefa a tsakiyar shari'a, kamar yadda tsofaffi ke jefa karin magana. Yana da wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango. Duk wadda ya ji sai ya tambayi ma'anarta, ya rubuta, a ƙasa kuma ya sa Hausarta. A ƙarƙashin "audi alteram partem" ya rubuta: ba a yanke hukunci da kunne ɗaya. A ƙarƙashin "verba volant, scripta manent" ya rubuta: magana tashi take, rubutu ke zama.

Bai daɗe da barin aiki ba sai rikicin bakin iyaka ya watso mutane zuwa Diffa. Cikin waɗanda suka zo har da Tahir, abokinsa tun suna lakol, makarantar boko, wanda ya shekara ashirin yana sayar da yadi a ƙetaren kogi. Hashimu ya same shi a sansanin Assaga cikin bukkar leda, shi da matarsa Kellu da ƴaƴa huɗu. A ranar ya kwaso su zuwa gidansa. Matarsa Zuhura ta share musu ɗakuna biyu, aka haɗa tukunya.

Bayan la'asar sukan zauna a ƙofar gida su dafa shayi. Tahir ba shi da abin yi, sai ya kwaikwayi kiran Faransawa ya ce, "Mushe Tafinta, ɗauko mana kayen nan mu sha Latin." Hashimu ya karanta, ya fassara, ya ba da labarin shari'ar da ya fara jin maganar a cikinta. Bai taɓa samun mai saurare kamar Tahir ba.

Hashimu yana da gonar tattasai a bakin Komadugu, wadda ya saya tun yana aiki. Shekarun tashin hankali ta zauna ba a taɓa ta ba. Da aka sake barin mutane su koma noma, wani proje na agaji ya zo yana ba da injin ban-ruwa da iri da wayar shinge, amma sai ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu, kuma sai mai gona da sunansa. Dabarar daga Hashimu ta fito. Ya zauna ya rubuta takarda cewa ya sayar wa Tahir gonar, suka sa hannu gaban mai gari da shaidu. Ko dala ba ta shiga tsakaninsu ba.

Zuhura ta ce, "Malam, da ka rubuta wata ta biyu ka ajiye, wadda ta faɗi gaskiyar magana."

"Tsakanina da Tahir? Ai sai ya ga kamar ban yarda da shi ba."

Gona ta yi kyau. Tahir ke noma, Hashimu kan je ran Juma'a da safe ya zagaya, in an shanya tattasai a raba. A shekara ta uku Tahir ya kama gidan haya ya tashi da iyalinsa. A ta shida proje ya rufe, Hashimu ya ce to, lokaci ya yi da za a mayar da takarda yadda take. Tahir ya ce sai an gama tsinka. Da aka gama ya ce sai bayan salla. Wata Juma'a Hashimu ya iso gonar ya tarar an sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ya kira shi a waya.

Tahir ya ce, "Hashimu, gonar da ka sayar mini kake nufi?"

An zauna gaban mai gari sau biyu ba a daidaita ba. Mai garin ya ce shi dai abin da aka karanta masa a ranar ciniki ne, shaidu ma haka suka ce. Hashimu ya kai ƙara.

Ran shari'a ya tsaya a wurin da ya ga ɗaruruwan mutane sun tsaya, ya ga ashe daga nan teburin alƙali ya fi tsawo. Alƙalin baƙo ne, bai san shi ba. Tahir ya zo da lauya, wata matashiya mai suna Nadiya, mai magana a hankali. Ta ce wanda ya kawo ƙara shi ke kawo hujja, "actori incumbit probatio", ga takarda da hannun mai ƙara, shi kuma ina tasa? Hashimu ya gabatar da Zuhura. Lauya ta ce, "testis unus, testis nullus", shaida ɗaya kamar babu ne, balle matar mutum.

Alƙali ya dube shi. "In ba sayarwa ka yi ba, me ya sa ka rubuta ka sayar?"

Hashimu ya san inda tambayar za ta kai shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, don mu sami injin proje ne. Ni ban cancanta ba, shi ba shi da gona."

Lauya ta miƙe ta ce, "Nemo auditur propriam turpitudinem allegans."

Alƙali ya ce a fassara wa jama'a. Sabon tafinta ya fara, ya tsaya, ya sake farawa. Zuhura ta taɓa hannun rigar mijinta tana tambayar me aka ce. Hashimu ya ce da ita, a muryar da duk ɗakin ya ji, "Cewa ta yi, wanda ya kafa hujja da maguɗin da shi kansa ya yi, ba a sauraronsa." Tahir bai ɗaga kai ba.

Bayan mako biyu aka yanke hukunci, gona ta Tahir ce. Hashimu yana fitowa lauyar ta biyo shi har gindin bishiyar bedi inda ya ajiye babur.

"Baba, an ce kai ne tsohon tafintan nan. Ina da tambaya, in ba damuwa. Ran da Malam Tahir ya fara zuwa ofishina, shi ya kawo mini wannan, ya ce a kanta za mu tsaya. Na yi mamakin ɗan kasuwa da Latin."

Ta zaro takarda daga dosiye, kundin takardun shari'ar. Shafin kaye ne, an yage shi a tsanake. Rubutun Hashimu ne, maganar nan ta mai maguɗi da ta jefa gaban alƙali, Latin a sama, Hausa a ƙasa, a gefe kuma ga zoben da gindin kofin shayi ya bari.

Hashimu ya ce, "Nawa ne, ƴata. Riƙe, ya yi miki aiki."

Da ya koma gida ya buɗe kayen ya ga gurbin shafin. Shekara uku ke nan rabon da Tahir ya taɓa kayen, tun yana gidan. Wato a lokacin da suke cin tuwo a kwano ɗaya ne ya yage shi. Wannan ya fi gonar yi masa ciwo. Ya zauna a kan tabarma har aka kira azahar bai motsa ba.

Washegari da hantsi ya hau babur ya tafi bakin kogi. Ya sami Tahir a cikin kwari yana gyara bakin tiyo, laka har gwiwa.

"Yaushe ka yage shi?"

Tahir ya wanke hannunsa a ruwan kwarin kafin ya amsa. "Shekarar da ruwa ya ci rabin gona. Ni na kwashe yashin nan da hannuna wata biyu. Ka zo ran Juma'a da farar riga, ka ce wa baƙinka ga mai kula mini da gona. Hashimu, ina da shago, ina da gida, duk sun tafi. In na mayar maka da wannan, me zan bar wa yaran nan?"

"Da ka tambaye ni, da na ba ka rabi."

"Na sani. Da ka ba ni. Na gaji da a ba ni."

Hashimu ya tsaya yana kallon jan tattasan da aka baza a kan leda. Ya juya ya hau baburinsa.

Zuhura ta so a ɗaukaka ƙara zuwa Damagaram. Ya ce a'a, abin da ya faɗa gaban alƙali gaskiya ne, a can ma shi zai sake faɗa. Ta yi kwana biyu ba ta yi masa doguwar magana ba, daga baya ta bari.

Har yau masallaci ɗaya suke Juma'a da Tahir, kowa da gefensa. Da aka tashi auren babbar ƴar Tahir, Kellu ta zo da kanta ta durƙusa a tsakar gida tana kuka, ta ce ita ba ta da bakin magana, amma yarinyar a ɗakin nan ta girma. Zuhura ta dubi mijinta. Ya ce ta je, ta kai mata tabarma da kwanuka kamar yadda ake yi wa ƴa. Shi kuwa ranar ɗaurin auren ya tafi Gagamari gaisuwar wani tsohon masinja da suka yi aiki tare, bai dawo ba sai da la'asar.