Ɗakin da Ya Ƙi Datti

Masu shirya fim ɗin su biyar ne, da kyamara ɗaya da fitilar aro, labarinsu kuma na wata mata ce mai fama da renon 'ya'ya ita kaɗai. Da suka zo neman ɗakin da za su yi ɗauka a ciki, Maman 'Yan Biyu, mai wanki da guga, ta ce ga nata. Ai labarinta ne ma, in ji ta, tambayarta ce kawai ba a yi ba.

Tun ranar farko aka fara kai ruwa rana. Darakta ya sa aka watsa tufafi a kan gado, aka jibge kwanuka a bakin ƙofa, wai don wahala ta fito fili. Suna fita shan iska matar ta faɗa ɗakin, ta ninke, ta share, ta wanke. Da suka dawo mai kyamara ya dafe kai, don rabin fitowar cikin datti aka ɗauke ta, ga ɗaki yanzu sai ƙyalli yake. Suka sake watsawa, ta sake gyarawa, har sau uku.

Darakta ya yi lallashi har bakinsa ya bushe, yana cewa fim ne, ba da ita ake ba. Ita kuwa tsoro ne fal cikinta. Tun rasuwar mijinta surukarta ke neman hujjar karɓe yaran, wai mace ɗaya ba ta iya riƙe gida. Kuma tsohuwar ta san labulen ɗakin nan sarai, da ta gan shi a fim za ta gane ɗakin wace ce.

"To Mama," in ji darakta, "in ɗaki tsaf yake, a ina mai kallo zai ga wahalar?"

Ta ɗauko rigar makarantar ɗaya daga cikin tagwayen, ta juya bakin rigar ta nuna masa. Sawun tsohon ɗinki ne layi uku, inda take warware kalmasa tana ƙara tsawo duk shekara.

"Ga ta nan," ta ce. "Mu ɓoye ta muke yi, ba ma shanya ta."

Nan take darakta ya soke shafi biyu na labarinsa, ya sa aka matso da kyamara kan rigar. Jarumar fim ɗin ta yi kwana biyu tana koyon guga a hannun mai ɗaki, ta ƙona zani guda, Allah ya so na jarumar ne, ba na masu kawo guga ba.

Ranar da aka haska fim ɗin a zauren taron unguwa, surukar ce a kujerar gaba. Maman 'Yan Biyu ba ta ga komai a bangon da ake haska fim ɗin ba, ƙeyar tsohuwar kawai take kallo har aka kunna fitilu. Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta zo ta tsaya a gabanta tana gyara mayafi, fuska a murtuke kamar kullum.

"Rigar nan ba sauran kalmasa," ta ce. "Ki turo min awonsu, in ɗinka sababbi in aiko muku gida."