Kaluluwar Ajuma

Yatsun Likita Alfari na cikin hammatar Ajuma, suna lalube a hankali. Ya riga ya cire nonon dama da ciwon daji ya ci. Saura ya san ko ciwon ya tsallaka zuwa kaluluwar da ke ƙarƙashin hannu.

Ajuma mai bandar kifi ce a kasuwar Gaya. Da daminar 1957 ta ji ƙullutu a nononta, ta yi shiru tana shan sassaƙe, har yayarta Rakiya ta gani wajen wanka a bakin kogi. Rakiya ce ta ɗora ta a motar gyaɗa zuwa Yamai. Can suka tarar likitan fiɗa ɗan garinsu ne, wanda ya yi karatu a Dakar.

Ana gobe za a yi aikin, ya zauna bakin gadonta.

"Inna, ciwon nan ba ya zama wuri ɗaya. In ya tashi daga nono, hammata yake fara sauka. Sai na buɗe zan sani."

"In ka tarar ya sauka fa?"

"Sai in bi shi."

"To bi shi, ɗana. Haka ya kashe uwarmu. Kada ka ji tausayin namana."

Yanzu da ya buɗe, ga shi kuwa ciwon ya sauka. Ƙwayar kaluluwa ɗaya mai tauri kamar tsakuwa ta manne wa babbar jijiyar jini. In wuƙa ta goce, jinin da zai ɓalle ba mai tsayar da shi. Alfari ya ajiye wuƙar, ya yi bisimilla, ya riƙa ɓamɓarar ƙwayar da bakin almakashi, kaɗan-kaɗan, gumi na shiga masa ido. Can ta saki. Jijiyar ba ta fashe ba.

Ya ƙara sama da yatsansa. Ƙwayoyin can ƙanana ne, masu laushi. Ya kwashe su duka, ya raba su a kwalabe, aka aika Dakar a duba.

Rauni ya fara haɗewa lokacin da amsa ta iso. Alfari ya shigo ɗakin mata da sauri, har hularsa ta karkace.

"Inna, ɗayar nan kaɗai ciwon ya kama. Na saman duka lafiya lau. Amma kowane rani ki zo in duba ki."

Ajuma ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Rakiya kuwa ta rangaɗa guɗa har marasa lafiya suka tashi zaune.

Ranar kasuwa suka sauka Gaya. Labari ya riga ya bazu cewa Ajuma ba za ta dawo ba, har wata mai tattasai ta baza kayanta a rumfarta. Ajuma ta tsaya a kanta, hannun dama a kumbure, kwandon kifi bisa kai, tana tallafe da shi da hagu.

Matar ta ɗago, baki buɗe.

"Sannu da tsaron wuri," in ji Ajuma. "Matsa mini in sauke."