Sheƙa a Cikin Esi

"Inna, ya sake fa! Ga shi nan yana ɗiga kan katifar yaron."

Raliya ce, 'yata, take ƙwala min kira daga ɗakin tirela. Wankan jego ya kawo ta gida Gashua daga Nguru, ɗakin ƙasarmu kuwa damina ta tsaga shi, shi ya sa muka sa ta a can. Tirelar nan Malam, maigidana, shi ne ya saye ta wajen masu aikin titi, aka jawo ta har ƙofar gida. Akwai esi na sanyaya ɗaki a samanta, ƙato kamar akwatin lefe. Tunda muka same shi bai taɓa ba mu sanyi ba, sai ruwa.

Na shiga na tarar jaririn yana tari, zanensa sharkaf. Na ja katifa gefe, na tara roba, na kira ɗana.

"Muktar! Ba ka ce ka gyara ba?"

"Wallahi Inna na shafa kwalta. Na ɗaure notuna har hannuna ya yi kanta."

"To kwaltarka ta sha ruwa ta ƙoshi. Kawo tsani."

"Ke za ki hau?"

"A'a, kakarka zan taso daga kabari. Riƙe min!"

Na yi bismillah, na ɗaure zane, na hau da buta. Na zuba ruwa ta gabas, na ce Raliya ta duba. Shiru. Ta yamma, shiru. Da na tuttula a kan murfin esin kansa, sai ta yi ihu, "Ga shi nan, Inna!"

Muktar ya miƙo sukuddireba, na kwance murfin. Fir! Tattabara ta tashi, saura kaɗan in faɗo. Ashe sheƙa ce cike da ciyawa da kashi, duk sun toshe 'yan ramukan da ruwa ke fita. Ruwan sai ya taru, ya bi ta ƙarƙashin robar da ke zagaye da esin, ya sauka kan jikana. Ga 'ya'ya biyu, ko gashi babu, suna buɗe min baki.

Tattabarun Malam ne. Mutumin da ko kyanwa ta kalle su sai ya bi ta da takalmi. Ni ma ina tsoron Allah, ba zan zubar da rai da hannuna ba, kuma na san in an taɓa sheƙa wani lokaci uwar ba ta dawowa.

Na sauko na sami Malam a zaure yana jan carbi. Na faɗa masa komai.

"Ki bari su yi fiffike mana," in ji shi.

"Malam, dubi gabas. Hadarin nan ba zai jira fiffike ba. Yaron nan tari yake."

Ya leƙa sama, ya ci gaba da jan carbinsa. Iska ta fara kaɗa labulen zauren.

"Don girman Allah, Malam, ka hau ka ɗauke su da hannunka, ko ka ce min in ɗauke."