Ƙodata a Cikin Babayo

Ni na ba Babayo ƙoda, don haka kada wanda ya ce na cika iko. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran keken ɗinki a unguwar Gwallaga da ke Bauchi. Shekara biyu ana kai shi wankin ƙoda, har ya koma kamar sillen kara. Da aka gwada jinin 'yan gidanmu, nawa ne ya dace. Na rufe shagon atamfata da ke kasuwar Muda Lawal, muka tafi Kano, aka cire tawa ta hagu aka dasa masa. Ranar da ta fara aiki, ban taɓa ganin manyan mutane suna murna da fitsari haka ba. Matarsa har guɗa ta rangaɗa a asibiti, sai da aka tsawata mata.

Da muka dawo Bauchi, maƙwabciyarmu Liatu, wadda take aikin nas, ta zaunar da ni.

"Yaya Hamsatu, jiki ba ya son baƙon nama," in ji ta. "Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya ɗore, a Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Sai daga baya aka samo maganin da ke kwantar da sojojin jiki, su ƙyale ƙodar ta zauna. Shi Babayo yake sha. Sojojinsa barci suke yanzu. Murar da za ki yi kwana biyu ki watsake, shi tana iya kayar da shi, ta tafi da ƙodar."

Likitan Kano ma ya ja kunne: wata uku ba shiga taro, ba musabaha, ba abincin waje.

To, wa aka faɗa wa? Babayo ne fa, mutumin da in ya fita sayen burodi sai ya gaisa da rabin Gwallaga. Matarsa kuma kunya kamar ta kashe ta, ba za ta iya ce wa baƙo ya koma ba. Sai na jawo benci, na kafa a ƙofar zaure, na zauna.

Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa barka da arziki. Teloli, 'yan kasuwa, limamin masallacinmu, har zumuntar matan cocin su Liatu, waɗanda suka tsaya a bakin titi suka yi waƙa da tafi. Kowa nakan tare shi da fara'a, in nuna masa tagar ɗakin Babayo ta can nesa, ya ɗaga hannu, Babayo ya ɗaga. Masa da miyar taushe da kunun gyaɗa kuwa ba a magana. Nakan karɓa, in yi godiya, mu zauna da maƙwabta mu ga bayansu.

"Yaya, ko loma ɗaya," Babayo yakan roƙa ta taga.

"Ƙodata ba ta cin masar waje."

"Ai ta zama tawa."

"In ka cika wata uku ma yi wannan shari'ar."

Yana dariya yana dafe ɗinkin cikinsa. Kumatunsa sun fara dawowa. Wallahi duk lokacin da na ji wannan dariyar, daɗi kamar ya kashe ni.

A mako na biyar keke napep ya tsaya a ƙofar gida, Bappa Ɗanlarai ya sauko. Ƙanen mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, kuma tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba. Daga Darazo ya taso, da shekarunsa tamanin. Tun kafin ya ƙaraso na ji tarin, irin mai fitowa daga ƙirji.

Na durƙusa gaishe shi, amma a tsakiyar ƙofa na durƙusa.

"Sannu da hanya, Bappa."

"Yauwa. Matsa in ga yaron nan."

"Bappa, ga taga can, zai leƙo."

"Taga? Ni ɓarawo ne? Na yini a mota don in leƙa ɗana ta taga?" Ya sake tari. "Sai na dafa kansa da hannuna. Tashi."

Masu shaguna suka zuba mana ido. Daga ciki na ji Babayo yana cewa, "Yaya, Bappa ne fa, ki bar shi." Da zan iya, da na shiga na make shi.

Ban tashi ba. Na ce, "Bappa, ka yafe mini. Tari kake yi. In ya kama shi, ƙodar za ta iya lalacewa. Biyu Allah ya ba ni, na ba da ɗaya. Ba ni da wata da zan sake ba shi."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya, ya tsayar da wani keken ya hau. Na yi kuka ranar har kaina ya yi ciwo. Na tsare ƙoda, amma na kori uba a gaban mutane.

Washegari da hantsi na fito da kumburarrun idanu, sai na tarar ba benci a zaure. An ja shi waje, can gefen titi, nesa da ƙofa. Bappa ne a kai, sandarsa a gicciye bisa cinya, da takunkumi a fuska, ya ɗaura shi a karkace. Ashe gidan wani abokinsa ya kwana, da safe kuma ya aika aka kira masa Liatu, ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta kai shi aka duba tarin.

Na iske shi yana sallamar wasu dattawa uku.

"Ba shiga. Ni da na riƙe shi ma ban shiga ba. Ga taga can."

Babayo yana taga yana ta ɗaga hannu biyu, bakinsa har kunne.

Na durƙusa daga nesa. "Bappa, ina kwana."

"Lafiya lau. Liatu ta ce ke ma yanka ki aka yi, tsawon haka." Ya gwada da yatsunsa. "Mako biyar kina zaune a kan katako, kowa Babayo yake tambaya. Akwai wanda ya ce miki ya jiki?"

Na yi tunani. Na girgiza kai.

"To, ya jiki, Hamsatu?"

Na buɗe baki zan ce da sauƙi. Dariya da hawaye suka taho mini tare.

"Shiga ki kwanta," in ji shi. "Ƙofar nan ta dawo hannuna."