Muryar Maliki a Bakin Ƙaya

"To ka zamna mana! Tun ɗazu kake zagaye rumfata kamar akuyar da anka ɗaure ga turke," in ji Na'Allah, mai gyaran agogo da garmaho a kasuwar Bagudo.

"Ban iya zama," in ji Bunyaminu. "Sake sa min babban in ji."

"Na sa har hannuna ya gaji da wana garmahon. Taubashi, kan garmaho kaz zo saye ko mata kaz zo zaɓe? Ranar da ka ga Rahmatu ma ba ka yi wanga dogon tunani ba."

Bunyaminu bai yi dariya ba. Ya kai bakin rumfa, ya leƙa hanya, ya dawo. Garmahonsa na kan tabarma a buɗe, tsohon kansa mai riƙe allura ya tsage tun shekaranjiya. A gefe ga kawuna biyu da Na'Allah ya tsallako da su daga Dahome: ɗaya babba na tagulla, mai nauyi a tafin hannu, ɗaya ƙarami, fari, wanda in ka ɗaga sai ka ce ɓawon ƙwai ne.

A ƙirjinsa kuwa ya rungume faifai guda, naɗe cikin zanen matarsa Rahmatu. Cikinsa akwai muryar marigayi Maliki mai goge, mutumin Kaoje, mahaifin Rahmatu. Can baya, sa'ad da ya je cin rani Ikko, Turawa suka ɗauki waƙarsa, ya dawo da wannan faifai ɗaya tal. Mutanen Bagudo ba su taɓa yarda ba, don ba a taɓa sa faifan a bainar jama'a ba. Har ya koma ga Allah ana yi masa shaguɓe, wai wane Bature zai ɓata faifai a kan mai gogen bakin gulbi? Gobe kuma ranar samun mulkin kai ce, kuma Bunyaminu ya riga ya yi wa Malam Ma'azu, mai shirya bikin, alkawarin za a sa faifan a filin makaranta, kowa ya ji da kunnensa.

Abin da ya hana shi sukuni ke nan. Yana hango filin cike maƙil, tutoci na kaɗawa, gogen surukinsa ya tashi bisa kawunan waɗanda suka ƙaryata shi. Yana hango Rahmatu cikin mata, hawaye na zubo mata don daɗi. Wace kyauta ce ta fi wannan da namiji zai yi wa matar da yake so?

"Babban shi ne na fili," in ji Na'Allah, yana ɗaure allurar ƙarfe. "In ka aza mishi kwabo bisa kai yadda mukan yi wurin biki, ko ana rawa ƙasa na girgiza ba ya tsalle. Har masunta cikin jirgi sai sun ji."

Ya ɗora faifan gwaji, wani tsohon faifan Faransanci da ya sha bukukuwa, ya wana garmahon. Ƙara ta fashe. Mai tsire ya waigo, jakin da ke ɗaure gindin ɗorawa ya miƙe kunnuwa. Zuciyar Bunyaminu ta yi tsalle. Wannan shi ne! Amma ƙarƙashin kiɗan akwai wani shuuu da ba ya tsayawa, kamar ruwan sama bisa kwano, muryar mawaƙin kuwa can nesa, sai ka ce daga rijiya.

"Mi ya sa ba a jin abin da shika cewa?"

"Tsufa. Faifai ma tsufa shikai, kamar kai."

"To ƙaramin fa?"

Na'Allah ya taɓe baki. "Wanga na tsofaffi ne. Ba ya son ƙarfe, ƙaya aka sa mishi. Can hayin Dahome na ga wani ɗan Dendi yana fiƙe ƙayar aduwa yana sa wa nashi. Daɗin ji, ban musu ba, amma in kaza ta yi kuka bayan gida ta rufe shi."

Ya sauya kan, ya fiƙe ƙaya da reza, ya ɗaura. Kiɗan ya fito siriri, mai taushi, sai da Bunyaminu ya durƙusa kafin ya ji shi sosai. Da wannan zai tsaya gaban mutanen Bagudo? Ai sabuwar dariya za a yi wa Maliki a kabarinsa.

Ya miƙe. Ya fita har gindin ɗorawa, ya tsaya, ya dawo. Ya ɗaga babban ya auna a hannu, ya ajiye. Ya ɗaga ƙaramin, ya ajiye. Gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Da safe, da ya ce zai ɗauki faifan, Rahmatu ba ta hana ba. Ta ciro shi daga ƙasan adaka, ta naɗe da zanenta, ta miƙo da hannu biyu. Hannun nan ya koma bisa tsohon cikinta, ta ce, "Ka maido min shi yadda kaɗ ɗauke shi. Akwai wanda bai ji kakanshi ba tukuna." A lokacin murna ta rufe masa kunne. Yanzu maganar ta dawo tana sukarsa.

"Maida babban," ya ce. "In sake ji."

"Allah ya isa tsakanina da goggo da ta haife ka," in ji Na'Allah, amma ya mayar, ya aza kwabon, ya wana.

Wannan karon Bunyaminu bai saurara ba, kallo ya yi. Ya sunkuya har numfashinsa na taɓa faifan. Rana ta ratso ta ɓular rumfa ta sauka daidai bakin allurar, sai ya ga wani abu na taruwa a wurin, baƙi-baƙi, kamar garin kwalli. Da kiɗan ya ƙare ya shafa da yatsa, ya ɗaga.

"Wanga fa?"

"Ƙura ce. Hure ta."

"Daga ina ƙura? Gabana ka goge faifan."

Na'Allah ya ɗaga kafaɗa. "To daga jikin faifan ne mana. Duk garmaho haka shikai. Noma shikai, dole ƙasa ta tashi, in ba ƙaya kas sa ba, ita ka cinyewa ba faifan ba."

Bunyaminu ya tsura wa yatsansa ido. Ashe muryar da ya ce ba a ji, ga ta nan a hannunsa, ta zama gari. A fili kuwa ba sau ɗaya za a sa ba. Ya san mutanensa: za su ce a maimaita, a sake maimaitawa, har rana ta faɗi. Akwai wani wuri kusa da ƙarshen waƙar inda Maliki ya sassauta goge ya kira sunan Rahmatu a hankali, tun tana 'yar goye. Wurin nan ya fi ko'ina rauni. Shi zai fara zama ƙura.

Ya rasa inda zai goge yatsan. Ya ji kamar zai yi kuka a tsakiyar kasuwa.

Sai ga Malam Ma'azu ya tsaya da kekensa bakin rumfa, ƙananan tutoci kore da fari ɗaure a bayan sirdi.

"Salamu alaikum. Ango mai tsohon aure, an samu kan? Na riga na shaida wa mutane, har daga Lafagu da Kurgu za su zo jin surukinka. Kada ka ba ni kunya."

"Shi dai yana nan yana zaɓe tun hantsi," in ji Na'Allah. "Malam, ce mishi ya ɗauki na maza."

Bunyaminu ya dubi tutocin, ya dubi zanen da ke ƙirjinsa. Ƙafafunsa da suka wuni yawo suka tsaya wuri ɗaya.

"Na'Allah, cire wancan, ɗaura min ƙaramin, ka koya min fiƙar ƙaya. Malam, ka gafarce ni, na saɓa alkawari: faifan Baba ba ya zuwa fili gobe. Wanda duk ke son jin Maliki ya zo zaurena, ya tuɓe takalmi, ya zamna ya yi shiru."